Kunyar Kiran Sunan Nono Ta Hana Mu Sanin Aikinsa

Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe ƙamus ya nemi kalmar "nono" ya san cewa kalma ce mai ɗaukar kaya da yawa. Ita ce gaɓar da ke ƙirjin mace, ita ce farin ruwan da ke fita daga gaɓar, ita ce kuma abin da 'yar Fulani ke dama fura da shi a bakin kasuwa. Ba ta tsaya nan ba, domin muna cewa nonon ayaba da nonon inabi, kuma farin ruwan da ke ɗiga idan an karya reshen tumfafiya shi ma nono muke ce masa. Ga kuma 'yan uwanta: mama, hantsa, madara, kindirmo, tsala, dakashi. Idan yaro ya gaji halin gidansu sai a ce a nono ya tsotsa. Idan uwa ta kai maƙurar fushi sai a roƙe ta kada ta ɗaga wa ɗanta nono. Mutum biyu da suka sha nonon mace ɗaya kuwa, shari'a ta mayar da su 'yan uwa, babu aure tsakaninsu.

To, harshen da ya tara wa abu ɗaya wannan dukiya ta kalmomi, me ya sa idan aka zo bayanin yadda abin yake aiki sai baki ya mutu? A aji, da zarar malami ya ambaci kalmar sai a fara sunkuyar da kai ana murmushi. A gidan rediyo mai gabatar da shiri yakan kewaye ta, in ya rasa mafita ya tsallaka Turanci. Ra'ayina shi ne wannan kunyar tana da tsada, kuma jarirai ne suke biyan kuɗin. Saƙon da ma'aikatan lafiya suke kai wa iyaye mata yawanci umarni ne tsagwaro: kada ki zubar da dakashi, kada ki ba shi ruwa, ki ba shi nono zalla wata shida. Umarni babu dalili ba ya iya ja da kaka wadda ta raini 'ya'ya tara. Abin da zai iya ja da ita shi ne bayanin yadda gaɓar take aiki, cikin Hausar da take ji, kuma mu da muke karatun harshe mu ne za mu zama masu fassara da masu shirin rediyo da malaman makaranta da wannan aiki zai faɗo wa. Saboda haka bari in gwada yin bayanin a nan, mai karatu ya yi hukunci da kansa ko Hausa ta gaza.

A shekarar 1758 wani masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus ya ware wani rukuni na dabbobi ya raɗa masa suna Mammalia, daga kalmar Latin mamma, wato nono. Abin sha'awa ga ɗalibin harshe shi ne mu ma "mama" muke cewa, ba don mun ara daga Latin ba, sai don sautin "ma" yana cikin sautukan farko da leɓɓan jariri ke iya furtawa a ko'ina cikin duniya. Shi Linnaeus da gaɓar ya yi suna. Mu kuwa da aikin muka yi, muka ce dabbobi masu shayarwa, kuma Jamusawa ma haka suka bi, da tsotso suka yi nasu sunan. A ganina namu ya fi dacewa, domin cikin nau'o'in dabbobi sama da 6,000 da ke wannan rukuni, daga jemage zuwa giwa zuwa ɗan Adam, ba duka ke da abin da za ka kalla ka kira nono ba, amma duka suna shayarwa. A Ostareliya akwai wata dabba mai baki irin na agwagwa da ake kira filatifus. Ƙwai take yi, ba ta da kan nono ko ɗaya, madarar takan tsattsafo ne daga fatar cikinta kamar gumi, 'ya'yan su lashe daga gashinta. Wannan dabbar tana cikin hujjojin da suka sa masana ke ganin cewa asalin maɓuɓɓugar nono daga irin maɓuɓɓugan gumi da maiƙo na fata take.

Na ce "maɓuɓɓugar nono" da gangan, domin wajibi ne mu raba abu biyu da kalmarmu ta haɗe. Akwai tudun da ido ke gani, wanda kitse ne ke ƙayyade girmansa, akwai kuma masana'antar da ke ciki. Wannan rabewar kaɗai ta isa ta kwantar wa mata da yawa hankali, saboda girman nono ba shi ke nuna yawan ruwan da mace za ta samar ba. Mai ƙaramin ƙirji tana iya ƙosar da tagwaye.

Masana'antar kuwa ga yadda take. A ciki akwai dubban 'yan jakunkuna ƙanana, ido ba ya ganin guda ɗaya, sun taru cunkus-cunkus a kan 'yan hanyoyi kamar 'ya'yan itace a kan reshe. Littattafan Turawa sukan kwatanta su da cunkuson 'ya'yan inabi, mu kuwa tun tuni sunan wannan cunkuson a wurinmu nonon inabi ne, ka ga ba mu da wahalar neman misali. Bangon kowace jaka an jera shi da ƙwayoyin halitta waɗanda aikinsu shi ne su ɗebo ruwa da sukari da maiƙo da sauran sinadarai daga jini su sarrafa su su zama madara. Ta bayan jakar kuma akwai wasu ƙwayoyin masu kama da tsoka da suka rungume ta kamar raga, idan suka matse sai madarar ta kwarara cikin hanyoyin har zuwa kan nono. Aikin ba ƙarami ba ne. Kafin saniya ta samar da lita 1 ta madara sai jinin da ya kai lita 400 zuwa 500 ya ratsa hantsarta. Mace mai goyo kuma, idan shayarwa ta kankama, takan samar da kusan kashi uku cikin huɗu na lita a kowace rana, shi ya sa yunwa da ƙishirwa ba sa barin mai jego.

Ko su masanan ba su gama sanin gaɓar da wuri ba. Zanen cikin nono da likitan Ingila Astley Cooper ya wallafa a 1840 shi aka yi ta kwafa a littattafan koyon likita fiye da shekara 150. Sai a 2005 masu bincike a Jami'ar Yammacin Ostareliya suka duba nonon mata masu shayarwa da na'urar hoton ciki, suka ga hanyoyin da ke buɗewa a kan nono ba su kai 15 zuwa 20 da ake ta faɗa ba, matsakaicinsu wajen 9 ne, kuma babu wasu manyan rumbunan ajiya a bayan kan nono kamar yadda aka zana. Saniya ce ke da irin wannan rumbu, a kowane ɗaya daga ɓangarori huɗu na hantsarta, kuma kowane ɓangare zaman kansa yake yi, ciwo na iya kama ɗaya ya bar uku.

Yawan kawunan nono da wurin da suke ya bambanta, amma tushensu ɗaya. Tun ɗan tayi yana 'yan makonni wasu layuka biyu ke fitowa a jikinsa daga hammata zuwa matsematsi, a kan layukan nan nonuwa ke tsira. Na mutum da biri da giwa a ƙirji suka tsaya, na giwa ma tsakanin ƙafafun gaba. Na saniya da taguwa huɗu ne a baya, na akuya da tunkiya da goɗiya biyu. Karya na da takwas zuwa goma a jere. Ɓeran nan da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, sunansa ma ɓera mai yawan nonuwa, don yakan kai 24. Galibi dai mai haihuwa da yawa ita ke da kawuna da yawa. Wannan layin ne kuma ya sa wani lokaci za ka ga mutum, mace ko namiji, da ɗan ƙaramin kan nono na uku a ƙasan ƙirji yana zaton tawadar Allah ce.

Gaɓar nono ta bambanta da zuciya ko hanta ta wata fuska: ba ta kammala girma sai bayan haihuwa da shekaru. Lokacin da yarinya ta fara ƙirgen dangi, sinadarin isturojin ne ke sa hanyoyin su yi rassa, kitse ya taru. Jakunkunan madara kuwa sai ciki ya shiga suke cika su yawaita. Tun wajen tsakiyar ciki masana'antar ta shirya, har ta fara yin dakashi kaɗan-kaɗan, amma sinadarin furojestaron da mabiyiya ke fitarwa ya taka mata birki. Da zarar an haihu mabiyiya ta faɗo, sai birkin ya saki, cikin kwana biyu zuwa uku nono ya kawo sosai. Shi ya sa idan wani ɓangare na mabiyiya ya maƙale a mahaifa ruwan nono kan yi jinkirin zuwa, abin da ya kamata kowace ungozoma ta sani.

Daga nan sinadarai biyu ne ke riƙe da ragamar, duka daga wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa suke fitowa. Na farko furolaktin, shi ke ba da umarnin a yi madara. Na biyu oksitosin, shi ke ba da umarnin a sake ta, ta hanyar matse ragar nan da ke bayan jakunkuna. Abin da ke tayar da su duka biyun shi ne tsotson jariri: jijiyoyin kan nono su kai saƙo ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta sako sinadaran cikin jini. Oksitosin har kukan jariri ko tunaninsa kan tayar da shi, shi ya sa mai goyo tana tsakar kasuwa sai ta ji rigarta ta jiƙe. Shi ne kuma ke matse mahaifa bayan haihuwa, ciwon marar da mai jego ke ji idan ta sa jariri a nono ke nan, kuma matsewar tana rage zubar jini. Tsoro da zafin ciwo da ɓacin rai suna danne shi. Idan an ce nonon mace ya ƙafe ranar da aka yi mata mummunan albishir, yawanci madarar na nan, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa, kuma takan buɗe idan hankali ya kwanta aka ci gaba da sa jariri.

Babu wanda ya riga Bafulatani sanin wannan a aikace. Shanunmu masu tozo ba sa sakin madara sai sun ga ɗansu, don haka mai tatsa yakan saki maraƙi ya ɗan tsotsa, sannan ya janye shi ya ɗaure kusa da uwar, ya yi maza ya tatsa kafin 'yan mintocin sakin su wuce. Ya kuma san cewa saniyar da aka daka ko aka firgita ba za ta ba da komai ba. Bai san sunan oksitosin ba, amma duk dokokinsa yana bin su. Furolaktin kuwa, a farkon shekarun 1930 wani Ba'amurke mai suna Oscar Riddle ya tace shi ya ba shi suna, kuma da tantabaru ya yi gwajinsa, domin tantabara da kurciya, mace da namiji, suna yin wani farin abu mai kama da cuku a maƙoƙonsu su ɗura wa 'ya'yansu. Duk lokacin da na tuna akwai ciyawar da Bahaushe ya raɗa wa suna nonon kurciya sai in yi murmushi, ko da yake don farin ruwanta aka ba ta sunan, kuma abin da kurciya ke yi ba daga maɓuɓɓugar nono yake fitowa ba.

Dokar da ta fi kowace muhimmanci a wurina ita ce wannan: gwargwadon abin da aka cire, gwargwadon abin da za a sake yi. Nonon da aka bari a cike yakan aika wa kansa saƙo a rage aiki, wanda ake yawan tsotsewa kuma ya ƙara. Yanzu a duba abin da ke faruwa idan aka ba jariri ruwa ko madarar gwangwani "don ya ƙoshi". Cikinsa ya cika, ya rage tsotso, nono ya rage kawowa, sai uwa ta ga lallai nononta ba ya isa, ta ƙara gwangwani, nono ya ƙara ja baya. Cikin 'yan makonni abin da ake tsoro ya tabbata, alhali maganin da aka ɗauko ne ya haifar da cutar. Ban taɓa jin an yi wa uwa wannan bayanin cikin Hausa mai sauƙi ta kasa ganewa ba.

Sai dakashi, wanda a kansa ne na fi jin takaici. Ruwa ne mai kauri, rawaya-rawaya, ɗan kaɗan, shi ya sa a gidaje da yawa ake ganin ƙazanta ce ko tsohon nono da ya kwana, a matse a zubar, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba har "nono mai kyau" ya zo. Amma a tambayi makiyayi abin da ke samun maraƙin da bai sha dakashi ba. Maraƙi da ɗan akuya da ɗan tunkiya da ɗan doki ana haihuwarsu ne babu garkuwar jiki daga uwa, saboda irin mabiyiyarsu ba ta barin sinadaran garkuwa su tsallaka. Duk kariyarsu a dakashi take, kuma hanjinsu a buɗe yake ya shigar da ita cikin jini na kusan awa 24 kacal, daga nan ya rufe. Wanda ya makara sai zawo ko ciwon huhu ya ɗauke shi. Ɗan Adam ya ɗan fi su sa'a, yakan sami wani kaso na garkuwa tun yana ciki, amma hanjinsa sabo ne fil, kuma dakashi ne ke shafe bangonsa da wani nau'in garkuwa mai hana ƙwayoyin cuta maƙalewa. Abin mamakin shi ne garkuwar ba ta kowa da kowa ba ce. Ƙwayoyin da ke yin ta daga hanjin uwa da hanyoyin numfashinta suke tasowa su tare a nono, saboda haka cututtukan da uwa ta haɗu da su a gidan nan da unguwar nan su ne take ba ɗanta makamin yaƙa. Babu kamfanin da zai iya zuba wannan a gwangwani. Ƙanƙantarsa ma daidai take da cikin jariri, wanda a ranar farko 'yan cokulan shayi kaɗan ke isarsa a kowane sha, kuma dakashin ne ke taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Wato mun san darajar abin ga ɗan saniya, mun hana ɗan mutum.

Game da ruwa, na san hujjar iyayenmu, kuma ba hujjar banza ba ce: ana zafin da babba ma ke shan randa guda, ya za a ce jariri ba ya jin ƙishirwa? Yana ji mana. Amsar ita ce kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa ya fi tsinkewa, maiƙon sai can idan nono ya fara saki yake ƙaruwa. Jaririn da ke jin ƙishirwa yakan yawaita neman nono ya ɗan sha ya saki, ya sami ruwansa tatacce. Ruwan randa kuwa ya cika ɗan cikin da babu abinci, ya kuma shigo da abin da ke kawo zawo. Mai jego ce ya kamata a tura wa kofin. Haka nan al'adar gwada nono da tururuwa ko da wuƙar da aka gasa don a gane "mugun nono" ba ta da tushe. Tururuwa ko a madarar saniya ta faɗa tana iya nutsewa. Kumburin nonon jariri sabon haihuwa, mace ko namiji, har ya ɗan fitar da farin ruwa, shi ma sinadaran uwa ne da suka rage a jikinsa, zai sace da kansa, matse shi ne ke jawo ƙurji.

Wani zai ce ai madara madara ce, ta saniya ma ta raini mutane. Gaskiya ta raini manya da yaran da suka tasa, amma kowace dabba madararta an auna ta ne da irin rayuwar ɗanta. Maraƙi yana miƙewa ranar da aka haife shi, ya ninka nauyinsa cikin kusan mako bakwai, don haka furotin ɗin madarar saniya ya ninka na mace kusan sau uku, ga gishiri mai yawa da ke wahalar da ƙodar jariri. Ɗan mutum sai ya yi wata biyar zuwa shida kafin ya ninka nauyi, ƙwaƙwalwarsa ce ke gudu, sai nonon uwarsa ya fi yawan sukarin madara, kusan kashi 7 cikin 100. A tekun ƙanƙara na arewacin Atlantika akwai wata dabba cikin dangin da ake kira sil wadda kwana 4 kawai take shayarwa a kan ƙanƙarar da ke iya fashewa kowane lokaci, madararta kusan kashi 60 cikin 100 maiƙo ce, ɗan ya kusan ninka nauyinsa kafin ta tafi ta bar shi. Zomanya sau ɗaya take leƙa 'ya'yanta a yini, ta shayar da su 'yan mintoci ta gudu don kada ta nuna wa maƙiyi raminsu, saboda haka tata madarar mai kauri ce. Kangaru kuwa tana iya shayar da jariri ɗan mitsitsi a cikin jakarta da kuma yayansa da ke tsalle a waje, kowanne da kan nononsa, kowane kai da irin madarar da yake fitarwa daban, a jiki ɗaya a lokaci ɗaya. Nonon mace mai tsinkewa ne saboda an yi shi ne don ɗan da ke goye a baya yana sha a kai a kai. A cikinsa har akwai wasu nau'o'in sukari fiye da 100 da jariri ba ya iya narkarwa, abincin ƙwayoyin halitta masu amfani ne da ke zama a hanjinsa su hana miyagu wurin zama.

Alƙaluma suna nan ga mai son su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awar farko, a ba shi nono zalla wata 6, a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye, kuma shekara biyun nan ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya karanta Suratul Baƙara. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa da shayarwa za ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 823,000 a kowace shekara, da mata kimanin 20,000 daga mutuwar sankarar mama. A Nijeriya kuwa binciken lafiyar al'umma na ƙasa ya nuna jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ke shan nono zalla kashi 17 ne cikin 100 a 2013, suka kai kashi 29 a 2018. Kusan kowace uwa a ƙasar nan tana shayarwa, kalmar "zalla" ce ba ta shiga ba, kuma ina zargin cewa ba a taɓa fassara dalilinta yadda ya kamata ba.

Ba ina cewa kowace mace za ta iya ba. Akwai wadda aka yi wa aiki a nono, akwai mai shan maganin da bai dace da shayarwa ba, akwai jaririn da uwarsa ta rasu, akwai ɗalibar da ke barin goyo a gida ta zauna a aji tun safe har la'asar, akwai ma'aikaciyar da dokar ƙwadago ta ba hutun mako 12 kacal alhali ana ce mata wata shida. Waɗannan taimako suke buƙata, gori ba zai ƙara musu ko ɗigo ba, tunda mun ga abin da ɓacin rai ke yi wa oksitosin. Sanin yadda gaɓar ke aiki ma su ya fi amfana, don ita ɗalibar idan ta san dokar cirewa da sake yi, za ta gane cewa tatsa a kofi mai tsabta tsakanin darasi da darasi shi zai hana nononta ja baya.

Masu kare kunya za su ce ita ce adon Bahaushe, kuma ban musa ba. Sai dai malaman fiƙihu a zaure suna karantar da hukuncin shayarwa da haila da wanka dalla-dalla, da Hausa, gaban dattawa, ba wanda ya ce sun yi rashin kunya, saboda an san wurin ilimi ne. Abin da ya halatta a zaure don gyara ibada bai kamata ya haramta a rediyo don ceton rai ba. Kuma matar da ke jin nauyin kiran sunan gaɓar ita ce za ta ji ƙullutu a ciki ta yi shiru wata da watanni, har sai abin ya fi ƙarfin likita.

Abokan karatunmu Yarabawa suna da ọmú ga gaɓar da wàrà ga madarar, Ibo suna cewa ara da mmiri ara, wato ruwan nono, Fulani suna da enɗu da kosam. Kowane harshe da inda ya yanka nasa layin, kuma mai fassara daga ɗaya zuwa ɗaya dole ya lura. A Hausa idan ka rubuta "a ba jariri nono zalla" ba ka ce nonon uwa ba, ka bar ƙofa a buɗe ga nonon shanu. Idan ka ce "nonon farko" maimakon dakashi, ka jefar da kalmar da kowace tsohuwa ta sani, ka kuma rasa damar tuna mata da maraƙi.

Kada kuma mu ɗauka cewa kimiyya daga Turanci kawai take gangarowa zuwa harsunanmu. Idan aka yaye yaro, jakunkunan madara sukan mutu su shanye, gaɓar ta koma kusan yadda take kafin ciki, ta jira wani cikin ta sake ginuwa. Idan kuwa ciki ya shiga ana goyo, abin da muke kira kwanika, nonon kan ragu ɗanɗanonsa ya canja, amma ba ya zama guba kamar yadda ake faɗa. Abin da ke kayar da yaron shi ne cire shi da ake yi dare ɗaya a mayar da shi kan koko tsurarsa. A farkon shekarun 1930 wata likitar yara haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, tana aiki a Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta ga yara masu kumburin jiki da jan gashi da sauran likitoci suka kasa gane ciwonsu. Sai ta saurari abin da mutanen Ga ke kiran abin, suka ce kwashiorkor, ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda ƙaninsa na tafe. A 1935 ta sa kalmar a rubutunta na mujallar Lancet, kuma da ita likitocin duniya ke kiran cutar har yau.